Daga Turawa Zuwa Ƙasar Turawa: Bayan An Cire Haya, Saura Nawa?



Tun daga watan Fabrairu na 2023, lokacin da gwamnatin Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya da na wasu ƙasashe ƙofar neman shaidar koyarwa a makarantunta, hirar ɗakin malamai ta sauya salo. A da zancenmu bai wuce ƙarin girman da aka riƙe da farashin takin zamani ba. Yanzu da an kaɗa ƙararrawar tara, sai ka ga an yi da'ira a gindin darbejiya, waya a hannu, ana buga lissafi. Mafarin albashin malami a Ingila, a wajen birnin Landan, fam 31,650 ne a shekarar karatu ta 2024/2025. In aka sa fam ɗaya a kan naira 2,000, kamar yadda ya yi ta shawagi a lokacin, an tashi da naira miliyan 63 da ɗoriya. Sai a yi shiru, kowa ya tuna da abin da ya shigo asusunsa a ƙarshen wata. Wani mai barkwanci a cikinmu yakan ce mu mutanen Turawa ai ba ma buƙatar biza, sunan garinmu ya isa shaida.

Muna dariya, amma maganar ta wuce wasa. Mun ji waɗanda suka fara tayar da gonar gado, da waɗanda suka miƙa kuɗin adashi ga wani mai ofis a birni da ya ce yana da hanya. Saboda su muka ga ya wajaba mu ƙarasa wannan lissafi da ake tsayawa a rabinsa.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa auna ribarsu da farashin Salaga ba. Madugu yakan cire guzuri, ya cire kuɗin fito a bakin Kwara, ya cire la'adar mai masauki da jakin da ya mutu a hanya, sa'an nan ya faɗi abin da tafiya ta haifar. Mu da muke koyar da lissafi bai kamata fataken da ke ƙirga wuri su fi mu iya shi ba.

To, mu ɗauki malami mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, wanda a wajenmu ma ƙaramin gida ne. Daga fam 31,650 ɗin nan, fam 12,570 na farko ne kaɗai ba a taɓawa; abin da ya hau kai ana cire masa harajin kashi 20 cikin 100, da wani kashi 8 na inshorar ƙasa, ga kuma kashi 7.4 na albashin da ke tafiya asusun fanshon malamai. Abin da zai iso hannunsa bai fi fam 2,000 da 'yan kai a wata ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta nuna cewa a ƙarshen 2024 matsakaicin kuɗin haya ya haura fam 1,300 a wata. Mu yi wa ɗan'uwanmu kyakkyawan zato, mu ce ya dace da gari mai sauƙi a arewacin ƙasar, ya sami gida a kan fam 1,000. Rabin albashi ya tafi ke nan tun ba a hura wuta ba. Akwai harajin gida da ƙaramar hukuma ke karɓa daga mai zama a ciki, ko da ɗan haya ne, wanda a matsakaicin gida ya haura fam 2,100 a shekara. Akwai lantarki da gas, kusan fam 1,700 a shekara, kuma a ƙasar da sanyi ke kisa ɗumama ɗaki ba abin da za a yi wa tsimi ba ne. Cire waɗannan biyu, saura kimanin fam 700.

Ba mu gama ba. Baƙon da ya shiga da bizar aiki yana biyan kuɗin kiwon lafiya, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 ga babba, fam 776 ga yaro, a kowace shekara. Gidan mutum shida zai biya fam 5,174 a shekara. Kuma ba a karɓa kaɗan-kaɗan: in bizar ta shekara uku ce, sai an zube fam 15,522 a dunƙule tun ana gida, wato kimanin naira miliyan 31, ban da kuɗin bizar kanta da na jirgi. Gonaki nawa za a sayar a Rogo kafin a haɗa wannan? In kuma mutum yana so ya sabunta biza bayan shekara uku, dole ya riƙa ajiye fam 430 kowane wata. Abin da ya rage ke nan bai kai fam 300 ba, kuma da shi za a ci abinci, a shiga mota, a biya ruwa da waya, a saya wa yara huɗu rigunan sanyi. A jikin bizar an rubuta ƙarara cewa mai ita ba shi da rabo a tallafin gwamnati.

Amsar tambayar da ake ta yi mana, wato nawa ne zai ishi mutum ya zauna cikin rufin asiri a can, ita ce: ga mai iyali irin wannan, albashin sabon malami ɗaya ba ya isa. Sai an sami kusan ninkinsa, wato sai uwargida ita ma ta fita aiki, kuma da ta fita sai a fara biyan mai reno da awa. Gwamnatin ƙasar da kanta, a watan Afrilu na 2024, ta sa fam 38,700 a matsayin mafi ƙarancin albashin da za a ba yawancin baƙin ma'aikata biza a kansa. An sassauta wa malamai wannan sharaɗi, amma kasuwa da mai gidan haya ba su sassauta musu komai ba.

Wani zai ce ai mu Gabas muka fi sani, hanyar Jidda ta girmi kakanninmu. Gaskiya ne, kuma a Saudiyya ba a cire harajin albashi. Sai dai tun Yulin 2017 aka ɗora wa baƙi kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsu, ya fara daga riyal 100 har ya kai riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata don kawai iyalinsa su kwana tare da shi. Shi ya sa da yawa suka maido da iyali gida suka zauna gwauraye.

Akwai kuma wani shafi na lissafin da ba a rubutawa, domin ba mu saba ganinsa a matsayin kuɗi ba. Malamin da ke Turawa ko Karaye, duk da ƙarancin albashinsa, galibi a gidan gado yake ko a wanda ya gina da hannunsa, ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa ranar ɗaya ga wata. Yana da 'yar gona da ke ba shi masara da dawa, wani ma yana taɓa noman rani a gefen madatsar Challawa. In matarsa ta haihu, gwaggo ta zo wankan jego. In za su unguwa, a miƙa yara gidan maƙwabta. Yaro ya taso daga boko ya wuce makarantar allo ko Islamiyya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wata ya yi nisa, mai shago ya buɗe littafi. In ta Allah ta kasance, kafin azahar an yi sutura, ba wanda ya kawo takardar kuɗin kabari. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da farashi a Ingila, kuma da fam ake biya. Har girman da ake ba mu, a gaishe mu da "Malam" a kasuwa, a kira mu rabon gado ko sasanta ma'aurata, yana cikin abin da mutum ke nufi in ya ce yana zaune lafiya, ko da yake ba mu san yadda za mu sa masa lamba ba. Mai mata biyu kuma ya sani tun yanzu: doka a can mace ɗaya ta sani, ɗayar da 'ya'yanta gida na biyu ne da zai riƙe daga nesa.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne wannan. Kuskuren da muke yi a gindin darbejiya, shi 'yan'uwa za su yi a kan wanda ya tafi. Su ma za su ninka fam da 2,000. Ƙanin da ke neman kuɗin makaranta, da baffan da ke asibiti, da kwamitin gyaran masallaci, duk za su ɗauka mai miliyan biyar a wata suke kira. In ya ce babu, a ce ya shiga Turai ya manta da zumunci. In ya tura, ya tura kuɗin gas ɗin 'ya'yansa. Duk wanda zai yi lissafin tafiya, ya sa wannan layi a sama, kusa da haya.

Ba muna faɗin haka don mu zargi mai son tafiya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Daga cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da sakin naira a watan da ya biyo, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, buhun shinkafa ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin Kano ta amince da shi a watan Oktoba na shekarar. A ranar malamai ta duniya ta 2020 gwamnatin tarayya ta yi mana alkawarin tsarin albashi na musamman. Abin da ya fi fitowa fili daga alkawuran ranar shi ne dokar 2022 da ta ƙara shekarun ritaya zuwa 65, wato an ƙara mana tsawon hanya. Wanda ya duba wannan ya ɗaga kai yana hangen waje, bai yi laifi ba. Kuma akwai wanda lissafin zai yi wa kyau: saurayi mai digiri a fizis ko lissafi, ba mata ba ɗa, wanda zai iya raba gida da abokai, ya ɗauki abin a matsayin cin rani na 'yan shekaru. Irin wannan muna yi masa addu'a, ko da yake mun san aji nawa za su zauna ba malamin kimiyya in ya tafi, a jihar da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Wannan tambaya ce da ya kamata ma'aikatar ilimi ta amsa, kuma za mu ci gaba da kai ta gabanta.

Ya kamata kuma a san ƙofar ba ta kowa ba ce. Ga 'yan Nijeriya, lokacin da aka buɗe ta a 2023 an taƙaita ta ga masu digiri da ke koyar da lissafi, kimiyya ko harsuna ga yara 'yan shekara 11 zuwa 16. Mafi yawanmu a wannan reshe malaman firamare ne masu NCE, don haka duk wanda ya karɓi kuɗin malamin firamare da sunan wannan tsari, ya san abin da yake yi. Ana nema ne kai tsaye a shafin gwamnatinsu na intanet, tare da takardar shaida daga hukumar rajistar malamai ta TRCN, ba a buƙatar ɗan tsakiya. Shaidar ma in ta fito, izinin koyarwa ce kawai. Sai wata makaranta ta ɗauke ka ta tsaya maka kafin a yi maganar biza. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Roƙonmu ga 'yan'uwa guda uku ne. Kada a sayar da gona ko gida a kan alkawarin baki. Kada a rubuta takardar ajiye aiki kafin takardar ɗauka ta zo hannu, kuma a fara bincikar yiwuwar hutun da ba albashi, domin shekarun fansho da aka tara ba a dawo da su da nadama. Na uku kuma ya shafi matanmu da iyayenmu masu karanta wannan takarda tare da mu: ku nemi a nuna muku lissafin, domin da ku za a yi zaman, ko a can ko a nan cikin jira.

Duk wanda takarda ta zo masa daga ko'ina, Ingila ce ko Saudiyya ko wata ƙasa, ya kawo ta ofishin reshe ko ya tare mu bayan taron wata. Muna da malaman lissafi da suka yarda su zauna da shi da fensir da takarda, a ja layi biyu, a rubuta albashi a dama, a jera haya da haraji da biza da makarantar yara da kuɗin gida a hagu, da kuɗin jirgin dawowa in rasuwa ta auku. Ba za mu gaya wa kowa ya zo ba, sai in shi ya so.