Tanadi ko Tarkace: Kayan Tsohon Ma'aikacin Arlit

Aikatau guda Hausa take amfani da shi ga mai tara kaya don sha'awa da kuma wanda kaya suka fi ƙarfinsa: dukansu tarawa suke yi. Hukuncin yana fitowa ne daga sunan da aka laƙaba wa kayan. Idan an yaba, a ce tanadi ko ajiya. Idan an kushe, a ce tarkace, shirgi ko komatsai. Jeren kwanuka da tasoshi a ɗakin amarya abin alfahari ne, amma kwanukan nan, bayan shekara arba'in, jikoki ke kira shirgi. Ɗalibin ilimin ma'ana zai ce bambancin yana bakin mai magana, ba ya jikin kayan. A Arlit wannan bayani bai wadatar ba.

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta yuraniyom da ke kusa da Akokan, bayan fiye da shekara arba'in yana aiki, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aikinsu. Da yawa daga cikin waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu a can 'yan kudu ne, daga Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wanda ya yi niyyar komawa gida dole ya tsaya a tsakar gida ya zaɓi abin da zai loda a mota, domin hanya doguwa ce, kuɗin dako kuma ba ya sassauci.

A garin da kusan komai daga nesa ake kawo shi, yar da ƙarfe wauta ce. Shi ya sa ganguna, bututu da guntayen injuna da suka fito daga wuraren haƙa suka shiga kasuwa da gidaje, maƙera suka sarrafa wasu, wasu suka zama rufi ko mazubin ruwa. Kowa ya kira wannan tanadi. A watan Disamba 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, suka gano a kasuwar Arlit ƙarafa masu fitar da tururin yuraniyom, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Greenpeace ta sake cin karo da irinsu a 2009. Ke nan akwai kayan da illarsu a jikinsu take, ko mai shi ya kira su da suna mai daɗi. Dattijon da ya ɗauki irin wannan ganga zuwa ƙauyensu don kada ta yi asara, gadon cuta ya kai wa iyalinsa. Duk ƙarfen da ba a san asalinsa ba, kuma ba a auna shi da na'ura ba, bai cancanci wuri a motar ba.

Abin takaici, kayan da 'ya'ya suka fi saurin kira tarkace su ne suka fi daraja: takardun albashi da suka yi ja, katin asibiti, takardar ɗaukar aiki, tsofaffin hotuna da kayan aiki a jiki. Shari'ar Serge Venel ta isa misali. Bafaranshe ne da ya yi aiki a COMINAK, ya mutu da ciwon dajin huhu a 2009. A 2012 wata kotu a Melun ta ɗora wa Areva alhaki, a 2013 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa ba Areva ce ta ɗauke shi aiki ba. Idan iyalin Bature, da lauyoyinsu, sun sha kaye a kan tambayar wane ne ubangidan ma'aikaci, me zai faru da gwauruwar lebura a Madawa wadda aka ƙona takardun mijinta ranar sharar ɗaki?

Ba a ce dattijo ya rungume kowace takarda ba. Rasit ɗin shago na 1985 ba hujjar komai ba ne. Sai dai tantancewar tana bukatar mai karatun Faransanci ya zauna kusa da mai takardun tun yana da rai, ya karanta masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya faɗi shekarar da sashen da ya yi aiki. Ɗaliban harshe za su iya wannan aiki a lokacin hutu, kuma ba za su tashi hannu wofi ba: a bakin waɗannan dattawa akwai kalmomin ramin haƙa da aka aro daga Faransanci aka lanƙwasa su da Hausa da Tamajak, kuma ramin da ake furta su a ciki an riga an rufe shi.