Katin Gayyata Ma Fuskarmu Ce: Mu Kai Aiki Wurin Masu Shi

Yau ina so mu tattauna kan wani abu da muke ɗauka ƙarami, wato takardun da muke bugawa: katin ɗaurin aure, kalandar saukar Alƙur'ani ta Islamiyya, rasit na dillalan kara, da allon da ake maƙalawa a ƙofar shago.

Yanzu, alhamdulillahi, yaranmu sun iya zane. Da waya kawai yaro zai buɗe Canva ya tsara kati mai kyan gaske. To amma a nawa ra'ayin, zane rabin aiki ne. Sauran rabin yana hannun mai ɗab'i, kuma a nan ne muke yin arha maras amfani, mu miƙa wa duk wanda ya ajiye firinta a shago, don gudun kuɗin mota zuwa Jalingo.

Ga dalilina na farko. Fuskar waya da haske take haɗa kala: ja, kore da shuɗi. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, waɗanda ma'aikatan ke kira CMYK. Shi ya sa koren da ke walƙiya a waya yake fitowa a dushe kan takarda. Ƙwararre zai juya kalar tun kafin bugu. Zai nemi hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, ya hana ka turo shi a matsayin hoto ta WhatsApp, saboda matse shi ake yi, fuskar ango ta fito kamar an shafa mata toka. Zai kuma bar rarar kamar milimita 3 a gefuna, don kada wuƙa ta yanke suna ko ta bar farin layi.

Dalili na biyu shi ya fi damuna, wato haruffanmu masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Ba kowane salon rubutun kwamfuta ke ɗauke da su ba. Idan aka buɗe aikin a wata kwamfutar, ko dai su koma ɗan akwati, ko mai shago ya goge su ya sa b, d, k. Ka ga ƙura ta zama kura, ƙafa ta zama kafa. Alhali magabata sun sha wahala kan waɗannan haruffa tun shekarun 1930, aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. Maganin kuwa mai sauƙi ne: a mayar da rubutun zane a CorelDRAW, ko a adana aikin a PDF tare da haruffansa.

Na san wani zai ce, "Malam, kati ne fa na kwana ɗaya." Haka ne. Amma mu tuna muna zaune ne tsakanin Fulani da Mumuye da Jukun Kona, da yawansu da Hausa suke ciniki da mu. Yaranmu kuma da aka haifa nan Ardo Kola, wani bai taɓa ganin Kano ba, kuma Hausar da ya fi karantawa ita ce ta jikin kalandar ɗakin uwarsa. Abin da ya gani nan, shi zai ɗauka daidai.

Shawarata ita ce masu biki ko makarantu su haɗa ayyukansu, mutum ɗaya ya kai maɗaba'a a Jalingo, kuɗin mota ya rabu. Kada a biya cikon kuɗi sai an buga gwaji ɗaya, wanda ya iya Hausa ya karanta shi harafi bayan harafi. Arha dai ba ta ado.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.