Faɗin Ƙofa Ba Shi Ne Girman Gida Ba

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Wurno da Goronyo, ko ya ratse zuwa Rabah, zai lura da yadda fuskar sababbin gidaje take sauyawa. Inda a da ake gina zaure da dakali, yanzu katanga ce doguwa da ƙaton get na ƙarfe, wani ma faɗinsa ya kai mita 6. Masu shi suna da hujja. Yanki ne na noman rani, musamman tun bayan kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima a 1984, kuma manomin da yake ɗaukar albasa, tafarnuwa da shinkafa yana son tarakta da babbar mota su shigo har bakin rumbu. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan ƙofofi an auna su ne da idon maƙwabci, ba da buƙatar gidan ba.

Ƙarfe ba ya sanin alfahari, lissafi kawai yake bi. Idan aka ninka faɗin ƙyaure sau biyu, nauyinsa ya ninku, nisan tsakiyar nauyin daga ginshiƙi shi ma ya ninku, don haka ƙarfin da yake fizgar ginshiƙin ya zama ninki huɗu. Haka abin yake da iskar hadari, wadda take dukan ƙyauren da aka rufe da falle ɗaya kamar tana tura bango. Shi ya sa bayan damina ɗaya ko biyu ake ganin get ya sunkuya yana jan ƙasa, ginshiƙi ya tsage, yara suna haɗuwa su tura shi. Ƙyauren da ya kai wannan hali yana iya faɗowa a kan ƙaramin yaro.

Maganin sananne ne ga kowane mai walda da ya san aikinsa. A raba faɗin gida biyu. A zuba ginshiƙan kankare da rodi a kan tushe mai zurfi, musamman a ƙasar fadama da take kumbura da damina ta tsattsage da rani. A gitta ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa, a bar wa iska hanyar wucewa, a kuma fitar da ƙaramar ƙofa ta masu ƙafa. Get mai gudu a kan taya yana rage wa ginshiƙi wahala, amma yana buƙatar katanga mai tsawonsa da zai shige, kuma yashi yana cika layinsa idan ba a sharewa. Babbar mota kanta faɗinta bai wuce kimanin mita 2.5 ba, abin da take nema shi ne wurin juyawa. Mai gida da ya ja ƙofarsa baya cikin filinsa ya samu wannan ba tare da ya ƙara faɗi ba.

Babbar matsalar tana wajen katanga. Get mai buɗewa waje yana cin hanyar jama'a, gangaren siminti da ake zubawa a gabansa kuma yakan toshe magudanar ruwa, ruwan ya koma gidan laka na maƙwabci. Mutanen da suka ga ambaliyar 2010 a kwarin Rima ba sa buƙatar a bayyana musu abin da ruwa yake yi idan ya rasa hanya. Malaman Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma ya rasu a 1837, sun san hadisin da ya ƙayyade zira'i 7 ga hanyar da aka yi saɓani a kanta. Haƙƙin hanya ya riga haƙƙin mota.

Akwai kuma zaure. A nan baƙo yake yin sallama, a nan ake sulhu da ɗaurin aure, a nan matafiyi yake samun inuwa. Get yana shigar da mota, ya bar mutum a rana yana bubbuga ƙarfe. Wanda yake da fili ya gina duka biyun, wanda filinsa ya gaza kuwa ya tuna cewa daidai ruwa, daidai tsaki. Motar albasa takan zo ne lokacin kaka, amma maƙwabci yana wucewa ta bakin ƙofar sau biyar a yini a hanyarsa ta zuwa masallaci.