Raddi ga Mai Cewa 0.33 Sulusi Ne

Wani ɗan boko yana yaɗa cewa malaman fara'idi a Gurbin Bore da Zurmi su daina wahala da asalin mas'ala, wai a buga 0.33 da 0.17 a manhajar waya, gado ya rabu. Hujjarsa uku: bambancin ƙanƙane ne, kwamfuta ba ta kuskure, kuma ta fi sauri.

Ƙanƙane a aljihun wa? Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12, rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi ta ambata, kuma sulusi ba ya ƙarewa a lambobin bayan ɗigo ko da za ka kwana kana jera 3. Mu ɗauki Minbariyya, mas'alar da ake jinginawa ga Sayyidina Aliyu: mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba. Asalinta 24, kasonsu ya taru 27, sai a yi auli, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Idan dukiyar naira 2,700,000 ce, haƙƙinta 300,000 cif. To bi hanyar malam mai ɗigo: 0.125 da 0.67 da 0.17 sau biyu, jimla 1.135 maimakon 1.125. Matar ta tashi da 297,357. Sama da naira 2,600 sun zame daga hannun mai takaba, shi kuma yana can yana yabon sauri! Ya je ya faɗi haka gaban alƙali a Ƙaura Namoda, inda shari'ar Musulunci ke aiki tun 2000.

Batun rashin kuskure kuwa, abin dariya ne. A tsarin IEEE 754 na 1985, wanda akasarin na'urori ke bi, 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004. A Dhahran ta Saudiyya, ranar 25 ga Fabrairu 1991, gutsure ɗaya bisa goma na daƙiƙa ya taru a agogon na'urar Patriot har ta kasa tare makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu.

Ba kwamfuta muke ƙi ba. Harshen Python yana da Fraction, mai riƙe lambar sama da ta ƙasa yadda suke, sai a matakin ƙarshe a mayar naira da kwabo. Mai rubuta manhajar gado ya yi amfani da shi.

Sauri kuma, magada nawa ne da har za su gajiyar da waya?