Sandikar Malamai: Wa Ke Yi wa Ɗan Talaka Magana?

Ba ni cikin masu cewa a rushe ƙungiyoyin malaman makaranta a Nijar. Wanda ya tuna shekarun 1990 ya san dalili. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, ga shi gwamnati tana riƙe albashi wata da watanni. Ba don sandika irin SNEN ba, wa zai tsaya wa mushen ƙauye? Daga 1998 kuma aka shiga ɗaukar malaman kwantaragi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, har suka fi na dindindin yawa. Ma'aikaci ya cancanci ladansa, wannan ba gardama.

Amma gaskiya ɗaci gare ta. In an shiga yajin aiki, wa ke shan wuya? Ba minista ba ne. Ɗansa yana lakwal ta kuɗi a Yamai. Ɗan manomin Dakoro ne ke komawa gida da allonsa, ƴar kuwa in zaman ya yi tsawo sai a yi mata aure. Malami yakan sami bashin albashinsa daga baya, amma wa zai biya yaro watannin da suka salwanta?

Ku dubi 2017. Gwamnati ta shirya wa malaman kwantaragi jarrabawa, waɗansu ƙungiyoyi suka ce kada kowa ya shiga. Da sakamako ya fito, wajen kashi 1 cikin 3 ne kawai suka sami rabin maki. Laifin farko na wanda ya ɗauke su ba horo ne, na yarda. To, ina sandika take a duk shekarun da ake tura su aji? Me ya sa ba ta yi yajin neman horo ba, kamar yadda take yi don alawus? Mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani.

Ga abin da nake roƙo. Sandika ta nemi horo da littattafai da azuzuwan siminti maimakon rumfunan kara, da irin zafin da take neman kuɗi. Ta tsawata wa ɗanta mai fashin aiki. Ta zauna da iyaye kafin ta rufe makaranta, ta kuma rama darussan da aka rasa. Ran da iyaye suka ga haka, su da kansu za su bi bayanta zuwa ƙofar gwamnati.