Kyamarar mota da zafin rana: darasin da ya ci min rabin kuɗin rijista

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman waɗanda ke taɓa tuƙi bayan lakca don su rufa wa kansu asiri.

Ni a Mile 2 Diobu nake zaune, gidan kawuna, ina karatu a Jami'ar Jihar Ribas da ke Nkpolu, nan kusa da mu. Kawu yana da wata tsohuwar Corolla. Da safe in kai shi kasuwar Mile 1 in wuce makaranta, da yamma kuma in ɗan yi haya da ita ta manhajar waya. Da wannan nake ci, da shi nake tara kuɗin rijista. Tun farko abokai suka ba ni shawarar in sa kyamara a gilashin gaba, wadda ke ɗaukar duk abin da ke faruwa a hanya. Na sayi mafi arha da na samu, na manna ta, na manta da ita. Kullum motar tana ajiye a filin makaranta daga ƙarfe takwas har bayan azahar, ba inuwa ba komai, kyamarar tana nan a maƙale tana shan rana.

Wata Laraba da yamma a titin Ikwerre, cikin cunkoso, wata bas ta haya da ke gabana ta yi baya don ta ɗauki fasinja, ta daki gaban motata. Fitila ɗaya ta fashe, bamba ta lotse. Kafin in fito, direba da kwandasta sun riga sun fara ihu cewa ni na buge su. Kun san yadda abin yake, idan aka ga mota biyu sun haɗu, na baya ake ɗora wa laifi. Jama'a suka taru, ga ni baƙo, burokana ma bai kai nasu ba. Amma hankalina a kwance, na kashe mota na ce musu akwai kyamara, yanzu kowa zai gani. Na ciro memori na sa a waya. Bidiyon safe yana nan, na minti goma da suka wuce yana nan duk da ya yi dishi-dishi, amma na ƙarshe, wanda abin ya faru a cikinsa, ya ƙi buɗewa. Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Ƙarshen magana ni na gyara motar kawu, na kuma ba mai bas wani abu don a rabu lafiya. Rabin kuɗin rijistata ya tafi a ranar.

Da na faɗa wa kawu, bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, mota ana gyarawa. Amma tunda ka sa abin nan, sau nawa ka taɓa dubawa ko yana aiki?" Ban da amsa.

Da na kai motar gyara Ikoku, kasuwar kayan mota ta unguwarmu, wani mai gyaran wutar mota ya buɗe min kyamarar. Batirin da ke ciki ya kumbura kamar fanke, har ya ɗaga murfin. Shi ya fara yi min bayani, ni kuma na koma na yi karatu a kai. Ga abin da na fahimta.

Irin wannan kyamara daga wutar mota take aiki. Ɗan batirin da ke cikinta babban aikinsa shi ne, idan aka kashe mota, ya riƙe ta na 'yan daƙiƙu har ta kammala ajiye bidiyon da take ɗauka. Idan batirin ya mutu, da ka murza makulli ita ma ta ɗauke nan take, bidiyon ƙarshe ya lalace. To wane bidiyo ne na ƙarshe a ranar da tsautsayi ya faru? Shi ne dai wanda kake nema. Abin da ya same ni ke nan. Kullum tana kunna 'yar fitilarta kamar lafiya lau, alhali ta daɗe da zama hoto.

Abin da ya kashe batirin kuwa zafi ne. Hasken rana yana ratsa gilashi ya sauka a kan baƙin dashbod da kujeru, su ɗau zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun auna wannan a wani bincike da aka wallafa a 2005, suka ga cikin awa ɗaya zafin cikin mota yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 a ma'aunin Salshiyas, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙaruwar a rabin awar farko yake faruwa. Sun kuma gano cewa ɗan sassauta gilashi, wannan dabarar da duk muke yi, ba ta rage wani abin kirki. Wani binciken na Jami'ar Jihar Arizona a 2018 ya nuna cewa a ranar da zafin waje ya kai wajen digiri 38, bayan awa ɗaya a rana saman dashbod yana kaiwa kusan digiri 69. Shi kuwa batirin lithium, irin na waya da fawa bank da kyamarori masu arha, ba a son a yi cajinsa sama da digiri 45, kuma idan ya wuce 60 ya shiga haɗari. Sinadarin cikinsa yana lalacewa ya fitar da iska, shi ne kumburin da muke gani, wani lokaci ma har ya kama da wuta. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone kada su bar ta a cikin motar da aka ajiye a rana.

Ba batiri kaɗai ke shan wahala ba. Gilashin idon kyamara mai arha na roba ne, zafi yana sa ya ɗan gurɗe, hoto ya koma dishi-dishi har ba ka iya karanta lambar mota. Robar da ke tsotse gilashi takan saki, ka dawo ka tarar da kyamara tana lilo a jikin waya. Memori ma yana gajiya, saboda kullum ana gogewa ana sake rubutawa a kansa, zafi kuma yana ƙara masa saurin tsufa.

Wani zai ce ai Fatakwal garin ruwa ne, ina zafi a nan? Gaskiya ne zafinmu bai kai na gida ba, amma daga Janairu zuwa Maris ana samun digiri 32 ko 33 da rana tsaka. Ka ɗora 22 a kai ka ga inda aka kai, kuma wannan iskar cikin mota ce kawai, ba jikin gilashi inda kyamara take ba. Balle kuma wanda zai tafi da motar hutu Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafin waje kansa ke wuce 40.

Ra'ayina a nan shi ne, ɗan Arewa da ke tuƙi a garin da ba nasa ba ya fi kowa buƙatar wannan kyamara, don haka shi ya fi cancanta ya kula da ita. Ba ina cewa mutanen nan mugaye ba ne, wallahi a ranar ma wata mata mai sayar da ayaba a bakin titi ta tsaya min, ta ce ta ga bas ɗin ta yi baya, sai dai muryarta ɗaya ce a cikin goma. A ko'ina a duniya baƙo maganarsa ba ta da nauyi kamar ta ɗan gari. A Kano ma haka baƙo zai ji. A Rasha direbobi sun rungumi kyamarar mota ne saboda gardamar haɗari da masu damfarar inshora, shi ya sa lokacin da dutsen nan ya faɗo daga sama a Chelyabinsk a watan Fabrairun 2013 aka samu bidiyonsa birjik daga motocin mutane. Su sun ɗauke ta shaida. Mu da yawanmu ado muka ɗauke ta, a ga dai akwai wani abu yana ƙyalli a gilashi.

Na san maganar da za ta biyo baya: kuɗi. Ɗalibin da ke lissafin garin kwaki ina ya ga kuɗin kyamara mai tsada? Na yarda. Amma mafi yawan abin da zan faɗa kyauta ne.

Na farko, idan za ka ajiye mota a rana, cire kyamarar ka jefa a jakarka ka shiga aji da ita. Minti ɗaya bai cika ba, kuma ka huta da masu fasa gilashi. Haka waya da fawa bank da laftof, kada ka bar su a mota.

Na biyu, duk Juma'a bayan masallaci ka kashe mota, ka ciro memori, ka buɗe bidiyon ƙarshe. Idan ya buɗe, kana iya karanta lambar motar gabanka, kwanan wata kuma daidai ne, to lafiya. Idan kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara, alama ce batiri ya fara tafiya. Idan ka ga jikinta ya kumbura, daina amfani da ita nan take, kada kuma ka huda batirin.

Na uku, ranar da abu ya faru, kada ka yi gaggawar kashe mota kamar yadda na yi. In babu haɗarin wuta ko wani ya ji rauni, danna maɓallin da ke kulle bidiyo ko ka tsayar da ɗauka tukuna.

Na huɗu, idan Allah ya hore za ka sayi sabuwa, tambayi mai kafasita a maimakon batiri. Ita ba ta da lithium ɗin da zai kumbura, kuma yawancinsu an rubuta suna jure har digiri 65 zuwa 70. Duba jikin kwali ka ga iyakar zafin da aka rubuta. Memori kuma ka nemi wanda aka yi musamman don kyamarar tsaro, ba ragowar na tsohuwar wayarka ba. Ta fi tsada, na sani, amma abin da na biya a titin Ikwerre ya isa in sayi irinta har da canji.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk waɗannan muhimmanci: zafin da ya kumbura batiri, ka yi tunanin abin da zai yi wa yaro. Masu kai ƙanne ko 'ya'yan yayye makaranta da kasuwa, don Allah kada a bar yaro a mota a kulle, ko da da sunan yanzu zan dawo.

Ni dai sai da kawu ya cika min kuɗi na yi rijista a makon ƙarshe, har yanzu ina biyansa kaɗan-kaɗan. Wanda yake da kyamara a motarsa, yau ɗin nan ya je ya buɗe bidiyon ƙarshe ya gani. Ku tura wa 'yan uwanmu da ke Onitsha da Enugu su ma su duba nasu.

Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, ya ba mu sa'ar jarabawa, ya mayar da mu gida lafiya. Amin.