Kafin ki kwantar da jariri, dubi sama, dubi ƙasa

Wancan makon na yi alkawarin za mu yi maganar adashi, to ku yi haƙuri na ɗaga ta, don abin da na gano a tafiyata ya fi ta gaggawa.

Cikin hunturun nan na tashi daga Sokode, na bi ta Kara da Mango na sauka Dapaong, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni Korbongu. Ɗiyar yayata ce ta haihu, suna ya wuce ban samu zuwa ba, na ce bari in je barka ko da a makare. Mijinta hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye yana lodi zuwa kudu. Yaron kirki ne, har ɗan gado ya sa kafinta ya yi wa jaririyar, an shafa masa fenti, gwanin sha'awa.

Matsalar tana inda aka ajiye gadon. Kun san ɗakin ɗan kasuwa a zango, shi ne wurin kwana, shi ne sito. An tura gadon lungu, a jikin buhunan wake da aka jera har sun kusa taɓa kwano. Ta ɗaya gefen taga ce, labulenta yana sauka cikin gadon. Wayar caja ta bi ta kan ƙarfen kai. A ƙasa ga kaskon gawayi don mai jego da 'yarta su ji ɗumi. Na gani, na yi shiru, don baƙo ba ya fara gyaran gida ranar da ya sauka.

Wannan shirun ya kusa jawo mana abin da ba ma fata. Da dare aka rufe ƙofa da taga ruf saboda sanyi, aka bar garwashi yana ci. Can tsakar dare na farka kaina kamar ana sara shi da gatari. Na tashe ta, ta ce, "Goggo, jiri nake ji, zuciyata tana tashi." Na wangale ƙofa, na ja kaskon waje, na ɗauko jaririyar muka fito tsakar gida cikin sanyin nan. Gari na wayewa muka kai su asibiti. Allah ya kiyaye, aka sallame mu lafiya, amma ma'aikaciyar jinya ta wanke mu tas, kuma da gaskiyarta.

Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, masana suna ce mata kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum yana barci ya wuce. Babba yakan ji ciwon kai ya farka, jariri kuwa ba shi da bakin faɗa. Hayaƙin janareta ma haka yake, don haka kada a tada shi a bakin tagar ɗakin kwana.

Da muka dawo, surukarta ta ce, "Haba 'yar nan, mu da muka goyi tara a gefen wuta?" Na ce, "Gaskiyarki Inna, amma ɗakunanku na dā na ciyawa ne, iska tana shiga tana fita. Wannan bulo ne da kwano da ƙofar ƙarfe." Na kuma tuna mata abin da malamai suka karantar da mu tun muna yara, cewa a kashe wuta kafin a kwanta. Nan ta gyara zama ta ce a yi yadda na ga ya dace. Ranar muka kwashe ɗakin kaf muka sake shiri, ga kuma yadda muka bi.

Mun fara da sama. Duk abin da zai iya faɗowa, an raba shi da gadon: buhu, dilar atamfa, katan, akwati, agogon bango, jeren kwanuka. Buhun da babba zai ture da kafaɗa, in ya zamo kan jariri an gama. Ku 'yan hatsi, da ku nake musamman. Ƙwayar nan da kuke jefawa cikin buhun wake ko masara don kashe ƙwari, tana narkewa ne ta zama iska mai kisa, kuma ta sha hallaka yara a gidajen da aka kwana ɗaki ɗaya da hatsin. Buhun da aka sa wa magani ba ya kwana inda mutum ke kwana. Jarkar fetur da maganin feshin gona su ma a fitar da su. Ban da haka, hatsi yana jawo ɓera.

Sai gefe. Gadon ya bar jikin taga, saboda ƙurar hunturu, da feshin ruwa in damina ta sauka, da labule da ke iya rufe fuska. Igiya kowace iri ce, ta labule, ta caja, wayar sola, igiyar shanya, ta yi nisan da hannun yaro ba zai kai ba. Yau ba ya motsi, nan da 'yan watanni zai miƙa hannu ya jawo. Laya ko carbi ma kada a rataya masa a wuya yana barci.

To ina za a sa shi? A ɗakin uwa, dab da shimfiɗarta, inda in ta miƙa hannu za ta taɓa shi. Likitocin yara suna ba da shawarar jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata 6 na farko, amma a makwancinsa shi kaɗai. Wannan ya yi daidai da al'adarmu, ba ma raba jinjiri da uwa mu kai shi wani ɗaki.

Yanzu gadon kansa. In za ku ba kafinta ko mai walda aiki, ku ce tazarar da ke tsakanin sandunan kada ta wuce santimita 6. Ga gwaji mai sauƙi: in gwangwanin lemo ya wuce ta tsakani, tazarar ta yi yawa, jikin yaro zai zurma kansa ya maƙale. Katifa ta zama mai tauri, ta cika gadon, kada fiye da yatsa biyu su shiga tsakaninta da katako. Masu sayen kayan gwanjo a Lome, ku kula da gadon nan da gefensa ɗaya ke sauka yana hawa. Amurka ta hana sayar da irinsa tun 2011 saboda jariran da suka maƙale a ciki. Arha ce ke sa ya biyo jirgin ruwa ya zo mana.

Cikin gadon kuma babu filo, babu lallausan bargo, babu 'yar tsana. A kwantar da shi rigingine, a kan bayansa, dare da rana. Iyayenmu suna tsoron kada ya shaƙe da tumbuɗi, amma lafiyayyen jariri in yana rigingine yakan haɗiye ko ya tofar. Rub da ciki ne ke da haɗari. A Ingila a 1991, da Amurka a 1994, an yi gangamin a riƙa kwantar da jarirai a kan baya, kuma mutuwar fuju'a cikin barci ta ragu da kusan rabi ko fiye. Ta fi kama 'yan wata 2 zuwa 4. In ana sanyi a ƙara masa riga maimakon a lulluɓe shi. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, in da gumi to kaya sun yi yawa.

Gidan sauro dole ne, mun san abin da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa yara a yankin nan. A ɗaure shi ya miƙe, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, kada ya kwanto kan fuska. Sabo ne, a fara shanya shi a inuwa kwana ɗaya. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta kuwa, a nisanta su da numfashin jariri, kuma gidan sauro ba ya shiri da wuta.

Na san wata za ta ce, "Mu ina muka ga kuɗin gado, ɗakin ma da kyar ya ɗauke mu?" Faffaɗan kwando mai ƙarfi da shimfiɗa mai tauri ya isa a watannin farko. In kuma dole sai ya kwana shimfiɗarki, kada ya shiga tsakaninki da maigida, kada yayyensa su kwana gefensa, a kawar da filo da bargonku, a toshe ramin da ke tsakanin katifa da bango. Wanda ke shan sigari ko ya sha maganin da ke sa barci, kada ya kwana da jariri. Kujerar kushin ita ce mafi muni, kada barci ya kwashe ki a kanta kina shayarwa.

Iyayen gida, wannan aikin naku ne kafin ku bi mota. Mai jego ba za ta ɗaga buhu ba. Surukin nan nawa hayar ɗan shago ya kama a bakin kasuwa ya kwashe wakensa can, yana ta ƙorafin kuɗin wata. Na ce masa ya lissafa su cikin kuɗin lodi.

Daren da zan taho na leƙa, 'yar tana rigingine cikin gidan sauronta, uwar na gefe, an bar 'yar kafa a taga, kaskon kuma yana tsakar gida an yayyafa masa ruwa. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare matafiyanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu koma kan adashi.